BA LAIFINKA BA NE, AMMA ALJIHUNKA ZAI JI A JIKINSA



A wurinmu idan aka ce wane ba shi da laifi, to magana ta ƙare, sai ya kaɗe rigarsa ya kama gabansa. Tsuntsun da ya ja ruwa, shi ruwa kan doka. A Ingila kuwa, inda nake zaune da iyalina, kalmar laifi tana da wata ma'ana daban a bakin masu inshorar mota. Su ba ruwansu da wanda ya yi ganganci ko wanda aka zalunta. Tambayarsu guda ce: kuɗin da muka kashe, mun samu wanda ya maido mana da su? In sun samu, ba ka da laifi. In ba su samu ba, kai ne mai laifi a littafinsu, ko da kana barci a ɗakinka wani ya zo ya daki motarka ya gudu.

Inshora a nan ba ganin dama ba ce. Tun dokar hanya ta 1930 aka wajabta ta, kuma wanda aka kama yana tuƙi babu ita zai sha tarar fam 300 da maki 6 a lasinsa, 'yan sanda ma suna iya ƙwace motar. Don haka kowa yana biya, ni ma shekara bakwai na yi ina biya ban taɓa neman ko kwabo ba. Kowace shekara da ka yi ba ka nemi diyya ba suna ƙara maka rangwame, kuma mutane suna tattalin rangwamen nan kamar yadda ake tattalin ƙwai.

Tawa ta same ni ne a Landan, wata safiya bayan na sauke yara a makaranta. Ina tsaye a danja, ƙafata a kan birki, sai na ji wani irin duka ta baya. Wata motar ɗaukar kaya ce. Direban ya fito yana ta ba da haƙuri, muka yi musayar suna da adireshi da lambar mota kamar yadda doka ta ce, na ɗauki hotuna, wata dattijuwa da ta ga abin ta ba ni lambar wayarta. Alhamdu lillahi babu wanda ya ji ciwo.

Da dare na kira gida. Inna ta ce, "Tunda rai ya tsira, ai sauran duk mai sauƙi ne. Allah Ya tsare gaba." Kawu kuwa da ya karɓi wayar cewa ya yi, "To ai sai ya kai ta gareji ya gyara, ko kuma ka yafe masa. Mene ne abin dogon zance?" Na yi dariya na ce, "Kawu, ai a nan ko na yafe masa, takarda ba ta yafewa."

Haka kuwa aka yi. Injiniyan da kamfani ya turo ya ce kuɗin gyara ya kusa kuɗin motar, saboda haka ba za a gyara ba, za a biya ni abin da za ta yi a kasuwa. Farashin da suka fara yi mini ko kusa bai isa in sayi irinta ba. Na zauna na tattaro tallace-tallacen motoci masu shekara ɗaya da tawa, masu tafiyar da ta yi daidai da tata, na haɗa da rasiɗan gyaran da na riƙa yi mata, na aika musu. Bayan mako biyu suka ƙara. Amma daga cikin kuɗin sai da suka cire kason da mai inshora yake ɗauka a kansa duk lokacin da ya nemi diyya, suka ce za a maido mini idan kamfanin wancan direban ya amsa laifi a rubuce. Kafin nan kuma wayata ba ta huta ba. Wasu kamfanoni da ban san inda suka samu lambata ba suka yi ta kira, wai za su ba ni motar hawa kyauta. Ba kyauta ba ce, haya ce mai tsada da suke sa ran karɓa daga ɗaya ɓangaren, in kuma aka ƙi biyansu, sa hannunka ne a kan takardar. Na gode musu, na koma hawa bas.

Inda gizo ke saƙar shi ne lokacin sabunta inshora, wanda ya zo kafin a rufe maganar. Tunda kuɗinsu bai dawo ba tukuna, sai suka lissafa ni cikin masu laifi, suka zaftare mini rangwamen shekara biyu, farashi ya yi sama. Wallahi ranar da na buɗe wasiƙar nan sai da na nemi wuri na zauna. Daga albashin nan ake biyan haya, daga ciki ake aika wa Inna na magani da na cefane. Wata huɗu na yi ina kira ina rubutu, ina ajiye sunan duk wanda na yi magana da shi da ranar, kafin ɗaya kamfanin ya biya. Aka maido mini da rangwamena, aka maido da kasona da rarar da na biya. Duk da haka, farashin bai koma inda yake a da ba.

Na tambayi matar da ta ɗauki wayata dalili. Ta yi mini bayani cikin ladabi cewa rangwame daban, asalin farashi daban, kuma lissafinsu yana nuna musu cewa wanda haɗari ya taɓa shafa, ko da ba shi ya jawo ba, ya fi yiwuwa ya sake neman diyya. Wataƙila hanyar da yake bi ce mai cunkoso, wataƙila lokacin da yake fita ne. Wato ba halinka suke aunawa ba, inda ƙaddara ta ajiye ka suke aunawa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Wani abokina ya ce, "Malam, ka koma wani kamfani kawai, in sun tambaye ka ka ce ba ka taɓa haɗari ba. Ai ba ƙarya ka yi ba, tunda ba kai ka yi ba." Na ce a'a. Tambayar da ke kan takarda ita ce ko wani haɗari ya shafe ka a 'yan shekarun nan, galibi uku zuwa biyar, ko laifin wane ne. Akwai kuma rumbun bayanai da kamfanonin suka kafa tun 1994, wanda ke riƙe irin wannan labari har shekara shida. Dokar 2012 ta ba su damar soke inshorar wanda ya ɓoye gaskiya da gangan, su kuma ƙi biyansa ranar da ya fi bukata. Ramin ƙarya ƙurarre ne.

Abin da na yi shi ne na faɗi gaskiya, na zaga na tambayi farashi a wurare da yawa, don ba duka kamfanoni ne suke ɗora wa irin wannan haɗari nauyi ɗaya ba. Na samu mai dama-dama. Ga wanda ke zaune a nan, yana da kyau ya san cewa in kamfani ya zalunce shi zai iya kai ƙorafi gare su, in mako takwas ya wuce ba a warware ba sai ya wuce ofishin mai sasanta rikicin harkokin kuɗi, kuma ba a biyan komai. In kuma wanda ya buge ka ba shi da inshora ko ya gudu, akwai hukumar da masu inshora suka kafa a 1946 domin biyan irin waɗannan mutane.

Na kan tuna gida idan ina wannan lissafi. A Nijeriya ma inshorar nan wajibi ce. A 2023 aka ɗaga kuɗinta daga naira 5,000 zuwa 15,000 ga motar gida, da alƙawarin biyan ɓarnar dukiya har naira miliyan 3, a 2025 kuma 'yan sanda suka tsananta bincikenta. Amma mutum nawa ka sani da aka buge wa mota ya je kamfani ya nemi haƙƙinsa? Yawancinmu takardar nuna wa ɗan sanda muka ɗauke ta. Sai a taru a bakin titi, a yi hayaniya, dattijo ya shiga tsakani, a ce a yi haƙuri, wanda aka cuta ya tafi da asararsa. A can akwai tausayi amma sau da yawa babu biya. A nan akwai biya, tausayin ne babu. Wanda aka buga dai shi ne a ƙasa a duka biyun, bambancin kawai a nan in ka riƙe hotunanka da shaidunka da haƙurinka, mafi yawan haƙƙinka zai dawo hannunka.

Allah Ya kiyaye mu da sharrin ƙarfe, Ya kai mu gidajenmu lafiya. Amin.