Abin da littafin asusu ba ya rubutawa



Tun da aka fara Mata Masu Dubara a jihar Maradi a 1991, ana nanata mana cewa a riƙe lissafi da kyau. Gaskiya ne. Mu da muka yi karatun yaƙi da jahilci, ran da muka fara rubuta zubi da hannunmu, har mun ɗauka mu ne idon ƙungiya. Bara Allah ya gwada mana iyakarmu.

Wata ƴar ƙungiyarmu mai ƙuli-ƙuli ta ɗauki bashin jika 20, za ta maido jika 22 bayan wata guda. Wata ya cika, shiru. Sati biyu ba ta zo taro ba. Saura wata uku rabo, kowa na jiran kuɗin iri, wasu har sun ce in ba a karɓo ba, su ma sun bar zubi. Mu ƴan kwamiti muka duba doka: tara, sannan a kira sunanta gaban kowa.

Sai Inna, tsohuwar da ke riƙe da ɗaya daga mabuɗan akwati uku, wadda ko sunanta ba ta iya rubutawa, ta ce: "Ɗiyana, kun duba littafi, kun duba fuskarta? Zuwanta na ƙarshe bayan kowa ta zamna, ba ta ɗaga ido ba. Kuma yaushe rabonku da jin ƙamshin suya daga gidanta?" Muka yi tsit. Babu wadda ta lura a cikinmu.

Bayan isha'i muka raka Inna gidan. Ba ta ta da zancen kuɗi ba, lafiyar yara ta tambaya. Nan matar ta fashe da kuka. Maigida ya tafi cin rani, wata huɗu ba aike. Yaro ya kwanta da masassara, jari ya tafi wajen magani. Kunya ce ta hana ta zuwa. Da mun kira sunanta cikin taro, da mun rasa ta, mun rasa kuɗin.

Ranar taro ba mu tona asirinta ba, mun dai ce lalura ce. Wata ta taso da faɗa, wai son kai muke yi. Ranmu ya ɓaci, amma muka haɗiye, muka bar ta ta gama. Ashe tsoro ne ke cin ta: kada damina ta faɗi ba ta da iri. A nan lissafi ya yi ranarsa. Muka gwada mata: jika 2 kowane sati, sati 11, bashi ya ƙare kafin rabo. Ta sauko. Mata uku suka ranta wa mai ƙuli-ƙuli gyaɗa tiya bibbiyu, ta koma suya, ta biya tsaf.

Ba mu raina karatu ba, in babu littafi amana ma rikicewa take. Amma littafi cewa kawai ya yi ba a biya ba, Inna ce ta gano dalili. Labarin zuciya a tambayi fuska.

In lokacin zaɓen shugabanni ya zo, kada mu tsaya ga wadda ta iya alƙalami kaɗai. Mu tambaya: wa ke iya riƙe fushinta? Wa ke riƙe asiri? Wa ke lura in ɗayanmu ta yi shiru?

Allah ya bar mu tare.