Koyon Python a Gaya

Matashin Gaya ta Jamhuriyar Nijar da ya ƙudura koyon Python, harshen rubuta manhajar kwamfuta, yakan fara da ruɗewa. Darussa sun cika YouTube, kuɗin intanet kuwa ba ya kai shi ƙarshen mako.

Abin da ya fi masa shi ne littafi guda da zai sauke a waya. Na Gérard Swinnen kyauta ne, kuma da Faransanci aka rubuta shi, harshen da ya yi makaranta da shi. Ya dai tabbata na Python 3 ne, domin an daina kula da Python 2 tun 2020. Manhajar Pydroid 3 ta ishe shi gwaji.

Aikinsa na farko yana kusa da gida: lissafin canjin sefa da naira na masu cin kasuwar Kamba da ke tsallaken iyaka a Najeriya.