Da Sin ta hana su na shekara goma, ina masuntan suka tafi?

Rubutun wannan mako daga bakin ruwa ya fito, daga mu 'ya'yan masunta na ƙasar Shanga waɗanda kuɗin kifi ya yi wa kuɗin makaranta.

Mun taso muna jin labarin shekarun farko bayan an datse Kwara a Kainji a 1968, lokacin da iyayenmu ke cewa jirgi kan dawo da giwan ruwa har sai mutum biyu sun kama kafin a sauke. Yau ƙannenmu kan kwana a ruwa su dawo da abin da bai cika kwano ba, mafi yawa ƙananan karfasa da ba su isa kamu ba. Kowa ya san dalili, kowa kuma yana nuna ɗan uwansa da yatsa.

Ranar wata Juma'a bayan la'asar wani ƙanenmu da ke karatun digiri na biyu ya zauna da mu yana ba mu labarin abin da yake karantawa: binciken malaman jami'a a kan yadda gwamnatin Sin ke tsara dokokinta. Da farko mun ɗauka abin ya yi mana nisa, sai da ya ambaci kifi.

Kogin Yangtze shi ne mafi tsawo a Asiya. A 1954 an kama kifi fiye da tan 400,000 a cikinsa. Kafin 2020 abin ya faɗo ƙasa da tan 100,000 a shekara. Sun gwada hana su na 'yan watanni a lokacin da kifi ke ƙwai, bai wadatar ba. Wani masanin kifi mai suna Cao Wenxuan ya fara kira tun 2006 da a rufe kogin na shekara goma cur. Hujjarsa mai sauƙi ce, ko kakanninmu za su gane ta: manyan kifayen kogin kan yi shekara uku zuwa huɗu kafin su fara hayayyafa, don haka shekara goma ce za ta ba su damar haihuwa har jikoki. Sai da ya yi kusan shekara goma sha biyar yana nanatawa kafin dokar ta fara aiki ranar 1 ga Janairu 2021. An janye jirage kimanin 111,000, masunta kimanin 231,000 suka hau tudu.

Kawunmu, wanda bai taɓa yin wata sana'a ba sai su, yana gefe yana ɗinkin koma. Bai ɗago kai ba ya ce, "To, ɗana, su masuntan ina suka tafi?"

Ashe tambayar da masu binciken suka fi daɗewa a kanta ke nan. An fara ne da rajista: kowane jirgi, kowane gida. Gwamnati ta sayi jiragen da kayan su, ta sa mutanen cikin tsarin fansho, ta koya wa wasu sana'a, wasu kuma ta ɗauke su aikin gadin kogin da suka fi kowa sanin lungunansa. Amma malaman da suka bi su gida-gida ba su dawo da yabo zalla ba. Sun tarar da yawansu sun manyanta, karatunsu kaɗan ne, aikin masana'anta bai karɓe su ba. Diyyar ma ta bambanta, domin lardi mai arziki ya fi talakan lardi biya. Akwai kuma abin da ya sa Sin ta iya ɗaukar wannan mataki: kifin Yangtze bai kai kashi 1 cikin 100 na kifin da ƙasar ke samarwa ba, mafi yawa kiwonsa ake yi a tafkuna. Mu kuwa idan aka rufe ruwa, kasuwar Yawuri ce aka rufe, da matan da ke banda, da masu itace, da direbobin da ke ɗaukar kwali zuwa kudu.

Mu ma ai mun ga irin tamu. A shekarun 1990 an yi aikin haɗin gwiwar Najeriya da Jamus a kan kifin tafkin Kainji, aka ƙidaya jirage, aka kawo lasisi, aka haramta dala saboda tana share 'ya'yan kifi tare da warangi. Dokar daidai take, har yau ba mu ga wanda ya ƙaryata hakan ba. Sai dai mutumin da ya ci bashi ya sayi dala, yana ciyar da gida uku da ita, ba a hana shi da takarda. Kawu ya ce ya san waɗanda suka naɗe tasu suka ɓoye a rumbu, suna jiran ranar da motocin aikin za su daina zuwa.

Abin da ya ba mu dariya shi ne da ƙanen namu ya ce Sin ta ƙirƙiro muƙamin shugaban kogi, an fara a birnin Wuxi a 2007, aka yaɗa shi ƙasa baki ɗaya daga ƙarshen 2016: kowane yanki na ruwa da jami'in da za a tuhuma idan ya lalace. Muka ce ai Sarkin Ruwa ke nan, mu mun riga su. Bambancin shi ne nasu ƙarin girmansa na rataye da lafiyar ruwan, namu kuwa an bar shi da rawani da sasanta rigima.

Dokar tasu ta fara nuna amfani. Wata dabbar ruwa mai shayarwa da ake ƙidayawa a kogin ta ƙaru daga 1,012 a 2017 zuwa 1,249 a 2022. Amma wani ƙaton kifi mai dogon baki ya riga ya ƙare har abada, kuma masana sun ɗora babban laifin a kan madatsar Gezhouba da ta tare masa hanyar zuwa wurin ƙwai tun 1981. Hana su ba ya buɗe madatsa.

Nan ne hirar ta yi sanyi, domin kamfanin da ke ɗauke da sunan waccan madatsa shi aka ba kwangilar gina ta Kandaji a Nijar, sama da Yamai, a kan wannan ruwa da muke zaune a bakinsa. Baƙin ruwan da ke iso mana da sanyin hunturu ta can yake biyowa.

Kawu ya cije zaren koma ya tsinke shi, ya tambayi ƙanen namu ko a cikin takardun nasa akwai wanda ya rubuta abin da zai sami baƙin ruwa. Yaron ya ce zai duba.