Tattaki cikin kurmin Abuja: Yadda iyali za su shirya gajeriyar fita

Mazaunin Abuja da ke aikin ofis yakan fita daga Kubwa, Lugbe ko Nyanya tun da duku-duku, ya zauna a mota, ya zauna a kujera har la'asar, ya sake zama a cunkoso. Yara kuma daga aji sai gaban talabijin ko waya. Irin wannan zama na daga cikin abubuwan da ke share wa hawan jini, ciwon suga da ƙiba hanya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar baligi ya samu aƙalla minti 150 na motsa jiki matsakaici a mako, yara 'yan shekara 5 zuwa 17 kuma minti 60 a kullum. Tattakin awa biyu a ƙarƙashin itatuwa ranar Asabar zai biya babban kaso na wannan bashi.

Allah Ya hore wa Abuja duwatsu da kurmi. A bakin rafuka da gindin tsaunuka za ka tarar da ɗorawa, kaɗanya, maje, ɗinya da giginya, ga inuwa ga kukan tsuntsaye. Sai dai wuraren ba ɗaya ba ne wajen wahala, don haka a zaɓi wuri daidai da mafi rauni a cikin tawaga.

Mai ƙananan yara ko dattijo ya fara daga cikin gari. Lambun Millennium Park da ke Maitama, wanda Sarauniyar Ingila Elizabeth ta Biyu ta buɗe a Disamban 2003, yana da ɓangaren da aka bar itatuwa a yanayinsu, kuma ƙasarsa shimfiɗaɗɗiya ce. Haka gidan namun daji da wasan yara na ƙasa da ke Asokoro, a gindin Dutsen Aso, yana da hanyoyi masu inuwa. A wannan yankin a kula da inda ake nuna kyamara, domin fadar shugaban ƙasa da barikokin soja na kusa. Idan ƙafa ta saba, sai a gwada tsaunin Katampe ko kewayen Ushafa da ke Ƙaramar Hukumar Bwari, ƙauyen masu ginin tukwane da tsohon Shugaban Amurka Bill Clinton ya ziyarta a shekarar 2000. A nan ne madatsar ruwa ta Usuma take, wadda birnin ke shan ruwanta. Tana hannun hukumar ruwa ta Abuja, saboda haka a nemi izini kafin a shiga harabarta.

Maganar tsaro ita ce kan gaba. Ba a manta da sace-sacen mutane da aka yi a yankin Bwari a farkon shekarar 2024 ba. Duk fitar da za ta kai ku bayan gari, a tambayi mutanen wurin halin da ake ciki a wannan makon, a tafi cikin ayari, a ɗauki ɗan gari ya yi jagora. Matambayi ba ya ɓata. Gbagyi su ne 'yan asalin yawancin ƙauyukan nan, sun san inda gona take da inda ba sa son baƙo ya taka. A sanar da wani a gida inda aka nufa da lokacin dawowa, a cika waya da caji, a riƙe lambar neman agaji ta 112. In aka ce wuri ba lafiya, a koma lambun cikin gari.

Sai lokaci. Damina a Abuja takan faro daga Afrilu zuwa Oktoba. A lokacin ciyawa ta yi tsawo, dutse na santsi, rafin da aka tsallake da safe yana iya cika kafin a dawo. Da an ga hadari ko an ji tsawa, a sauko daga kan dutse, kada a fake a gindin itacen da ke tsaye shi kaɗai. Nuwamba ya fi daɗin fita, ruwa ya ɗauke, ganye bai bushe ba. Disamba da Janairu akwai sanyi, amma ƙurar hunturu da hayaƙin ƙunar daji na tayar wa mai asma ciwo. Maris kuwa zafi ne zalla. Kowane wata ne, a fita bayan sallar Asuba idan gari ya waye sosai, a dawo kafin ƙarfe 10.

Baligi yakan ci kilomita 4 zuwa 5 a awa guda a kan shimfiɗaɗɗiyar hanya. Da yara a lissafa rabin haka. Kilomita 3 zuwa da dawowa ya ishi fitar farko. Idan an ware awa biyu, a juya da an ci minti 50, domin dawowa da gajiya ta fi cin lokaci. Babba ɗaya a gaba, ɗaya a baya, yara a tsakiya.

Guzuri ba ya buƙatar kuɗi mai yawa. Kowane babba ya riƙe ruwa lita ɗaya da rabi, a haɗa da dabino, gyaɗa, ayaba ko lemo. A sa takalmi sau-ciki mai kama ƙasa da safa da dogon wando, a bar silifa a gida. Mata su zaɓi hijabin da ba zai ja ƙasa ya sarƙe da ƙaya ba. A saka filasta, bandeji, ƙullin gishiri da sukari na ORS da ledar kwashe shara. Mai ciwon suga ya karya kumallo, ya riƙe abu mai zaƙi a aljihu. Mai ciwon zuciya, mai juna biyu da wanda hawan jininsa bai daidaita ba su fara jin ta bakin likita. Duk wanda ya ji jiri, ciwon ƙirji ko numfashi na sarƙewa, tafiya ta ƙare ke nan.

A hana yara cusa hannu a rami ko ƙarƙashin dutse, nan ne maɓoyar maciji da kunama. Idan tsautsayi ya sa maciji ya sari wani, kada a ɗaure wurin tamau, kada a tsaga, kada a tsotsa. A cire zobe ko awarwaro, a hana gaɓar motsi, a ɗauke shi zuwa asibiti nan take. A nuna musu karara don kada su taɓa ta su sha ƙaiƙayi. Kada a bari su yi wanka a dam ko kududdufi, saboda nutsewa da cutar tsargiya. An dawo gida kuma a duba jikinsu ko kaska ta maƙale.

Wanda ya fara da zagaye ɗaya a Maitama wannan Asabar, ya maimaita sau uku ko huɗu, zai ga ƙafarsa da ta 'ya'yansa sun isa hawa Katampe. Allah Ya ƙara mana lafiya, Ya kai mu mako mai zuwa.