Ranar da aka tsayar da zuciyar ɗan'uwanmu



A taron wata mun yi alkawarin rubuta abin da muka gani ranar da aka yi wa ɗan'uwanmu aikin zuciya, tunda da gudunmawarku aka biya kuɗin, kuma matasanmu ne suka ba da jini. Ana idar da sallar asuba muka bar Karu, don gudun cunkoson hanyar AYA.

Ba wuƙa ce ta fi tayar wa matarsa hankali ba. Ta ji ana cewa akwai masu farkawa ana tsakiyar aiki, suna ji amma ba su iya motsi. Da likitan sa barci ya zo, sai ta ce, "Likita, in kun tsayar da zuciyarsa, maganin barcin ta ina zai bi?" Ya ce, "Hajiya, ai wannan ita ce tambayar." Ya ja kujera ya zauna.

Ga abin da muka fahimta. Akan haɗa mara lafiya da wani inji da ke karɓar aikin zuciya da huhu: jini ya fita ta roba, injin ya sa masa iskar oksijin, ya mayar da shi jiki. Kafin a haɗa, ana cika robobin da ruwan asibiti, wajen lita ɗaya da rabi ga babba. Da ruwan ya gauraya da jini sai maganin barci ya tsinke, kamar shayin da aka ƙara wa ruwa. Wani ma maƙalewa yake a jikin robar. Tunda huhu ya huta, maganin da ake shaƙa ba shi da hanya, sai a ba da shi ta cikin injin ko ta jijiya.

Sannan akan sanyaya jiki, sau da yawa zuwa digiri 28 zuwa 32. Sanyi na rage buƙatar magani, hanta da ƙoda kuma suna jinkirin fitar da shi. Inda likitan ya fi sa ido shi ne lokacin da ake ɗumama jiki, domin ƙwaƙwalwa na farfaɗowa, dole a ƙara magani a kan kari. Mu da muka ɗauka allura ɗaya yake yi ya tafi shan shayi, ashe yana tsaye har a ɗinke.

Abin ba sabo ba ne. John Gibbon ya fara cin nasara da irin wannan inji a Amurka a 1953, a Najeriya kuwa asibitin koyarwa na Inugu ne ya fara buɗe zuciya a 1974.

Akwai abin da ya tsaya mana a rai. Likitan ya fitar da mu, ya tambayi ɗan'uwan namu abin da yake sha. Daga baya shi da kansa ya gaya mana ya ambaci tiramadol na ciwon baya, da wani jiƙo da ko matarsa ba ta sani ba. Jikin da ya saba da irin wannan ƙwaya yakan buƙaci magani fiye da na kowa. Da ya ɓoye don kunya, da lissafin likita ya karkace.

Washegari aka bar mu muka leƙa shi. Bai tuna komai ba. Da ƙyar muryarsa ke fita, amma ya tambaya wa ya buɗe masa shago.