Tabarmar baƙon sama

Baƙi iri-iri ne ke zuwa karkara. Wani bisa raƙumi, wani cikin motar kasuwa, wani da ƙafa da sandarsa. Akwai kuma wanda ke zuwa ta sama cikin ƙaramin jirgi mai inji guda. Shi ne matuƙin da ke kawo likita, ko shi ɗauki majiyyaci, ko shi zo feshin magani kamar yadda aka gani lokacin farin dango a 1988 da 2004. Masu iya magana sun ce shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma. Ga wannan baƙo kam, tabarmar ce gaba, domin tabarmarsa ita ce filin da za shi sauka, kuma ransa bisa kanta yake.

A Yamai ko Damagaram matuƙi ba shi da wannan damuwa. Filin kwalta ne, da fitilu, da ma'aikata masu yi masa magana ta rediyo. A ƙauye babu ko ɗaya. Fili ne na ƙasa wanda aka sassabe, an jera duwatsu gefe da gefe an shafa musu farar ƙasa. Duk da haka amfaninsa babba ne. Daga Yamai zuwa asibitin Galmi, wanda aka buɗe a 1950 tsakanin Ƙonni da Madawa, wajen kilomita 500 ne. Mota na shafe mafi yawan yini. Ƙaramin jirgi irin Cessna 206, mai kujera 6, yana cin kamar kilomita 250 a awa guda, watau cikin awa 2 ya isa. Ga wanda jini ke zuba daga jikinsa, wannan bambanci shi ne tsakanin rai da mutuwa.

Matuƙi ba ya sauka da zuwansa. Da fari yakan yi ƙasa-ƙasa shi bi tsawon filin yana leƙe. Yara na tsammanin gaisuwa ce. A gaskiya bincike yake yi. Yana duba ko gara ta tada suri, ko ruwa ya ci rami, ko akwai jaki kwance ko awaki na kiwo. Ƙafafunsa za su taɓa ƙasa da gudun da ya kai kilomita 100 a awa. Da irin wannan gudu, kututture guda ya isa shi kifar da jirgi.

Abu na biyu da yake nema shi ne iska. Jirgi fuskantar iska yake yi wajen sauka da wajen tashi, domin iskar gaba ita ke rage masa gudu bisa ƙasa. In ta biyo shi ta baya, fili sai shi ƙare masa bai tsaya ba. Shi ya sa ake kafa sanda da doguwar jakar ƙyalle a gefen fili. Inda babu jakar, hayaƙi na yin aikinta. Mutum ɗaya shi hura ƴar wuta da ɗanyen ganye nesa da inda jirgi ke bi, matuƙi ya samu labarin da yake so.

Tashi ma yana da nasa sharaɗi. Cikin bazara, sa'ad da zafi ke wuce digiri 40, iska na yin sako-sako. Inji na rage ƙarfi, fukafukai ba su samun abin riƙo da wuri, sai jirgi shi buƙaci fili mai tsawo fiye da na lokacin ɗari. Don haka matuƙi ke son tashin safe, don haka kuma yake auna kaya da mutane. In ya ce buhun gero ba shi shiga, ko ya ce mutum ɗaya kaɗai za shi raka majiyyaci, ba rowa ba ce. Lissafin rai ne. Mutanen ƙasar nan sun san ƙaramin jirgi ba abin wasa ba ne. A watan Disamba na 1995, wanda ya ɗauko Mano Dayak ya faɗi cikin duwatsun Abzin jim kaɗan da tashinsa, babu wanda ya tsira. Sunansa aka sa wa filin jirgin Agadas.

Wani gari na arewacin jahar Maraɗi ya koyi darajar filinsa ta hanya mai ɗaci. Tun zamanin Samariya aka yi gayya aka share filin. Shekaru suka wuce, jirgi bai cika zuwa ba. Wani mai gona a gefen gabas ya ga ƙasa kwance banza, sai ya ƙara kunya kaɗan ya shuka gero. Baɗi ya ƙara. Ba wanda ya yi masa magana, don ana jin nauyinsa. Rannan cikin tsakiyar damina, naƙuda ta gardama wa wata yarinya kwana 2. Ungozoma ta yi iyakar ƙoƙarinta. Aka aika da saƙo, jirgi ya zo da hantsi. Ya bi filin sau ɗaya, ya kewayo ya sake bi. Gero ya cinye kan filin, ruwa kuma ya kwanta a tsakiya. Abin da ya saura bai isa sauka ba, balle tashi da majiyyaciya. Man jirgi daban yake da na mota, ba a samunsa a ƙauye, saboda haka bai iya daɗewa yana kewaya. Ya juya ya koma inda ya fito. Cikin amalanken shanu aka kai yarinyar bakin hanyar mota, aka isa asibiti da dare. Ita ta rayu, ɗan bai zo da rai ba.

Da fari mutanen garin sun ga laifin matuƙi, suna cewa tsoro ya ji. Wani dattijo da ya taɓa aikin soja ya ce musu da ya sauka, da gawa nawa za a ɗauka ran nan? Bayan girbi mai gari ya sa aka yi gayya. Aka cike ramu, aka tone kututture, aka maido da duwatsun iyaka inda suke. Mai gonar da kansa ya zo da hauyarsa.

Gyaran fili ba shi da wuya in an raba aikin. A riƙa bin sa da ƙafa bayan kowane ruwa mai yawa. A rushe suri tun yana ƙarami. Kada amalanke shi ratsa ta ciki da damina, domin sawunsa in ya bushe rami ne. Kada a yada mushe kusa, saboda ungulu da shirwa na haɗuwa da jirgi a sama. In an ji ƙugin inji, makiyaya su janye dabbobi, manya su riƙe yara. Farfela na juyawa fiye da sau 2,000 a minti guda, ido ba ya ganinta. Kowa shi tsaya nesa har ta tsaya cik, matuƙi ya fito da kansa. Mai shan taba shi yi nisa da jirgi. Hakanan ake yi a wasu ƙasashe masu faɗin daji. A Ostareliya, inda likitoci suka fara zuwa ƙauyuka da jirgi tun 1928, masu gonakin kiwo ne ke kula da filayen da ke ƙasarsu.

Shi ma baƙon yana da nasa ladabi. Matuƙin kirki yakan aiko da labarin zuwansa. Ba ya bi bisa rijiya ƙasa-ƙasa shi tarwatsa garke. In ya sauka yakan gaida mai gari, shi sha ruwan da aka ba shi, shi tambayi halin filin ga waɗanda ke taka shi kullum. In ya yi sauri ya tashi kafin la'asar sakaliya, a yi masa uzuri. Inda babu fitila, rana ce fitilarsa, kuma hazo ko hadari ba su jiran kowa.

An ce baƙo raɓa ne, ɗan gari kaba. Matuƙi na zuwa awa guda shi tafi, wataƙila sai baɗi. Filin kuwa yana nan tare da masu shi, kuma ba wanda ya san gidan da za a kira wa jirgi gobe. Allah shi kiyaye na sama da na ƙasa, amin.