Ɓeran da Ya Ciyar da Mu a Faransa

Mu malaman makaranta an san mu da riƙon girma, ba a cika ganin haƙoranmu ba. To, a shekarar 2019 ɓera ya kwance mana rawani.

Ƙanenmu da ke aiki a Faransa ne ya ja mu zuwa Disneyland ta gabashin birnin Faris, wadda aka buɗe a 1992. Mun tafi ne muna gunaguni, don kuɗin shiga kaɗai sai da ya sa muka tuna da albashinmu. Aka zaunar da mu cikin wata 'yar mota mai siffar ɓera, aka ba mu tabarau. Kafin mu ce kwabo mun tsinci kanmu a kicin, ƙarƙashin murhu, zafi na dukan fuskarmu, ga ƙaton tsintsiya ta biyo mu. Wallahi har hularmu muka dafe. Ashe haka duniya take a idon wanda muke jifa da takalmi a gida!

Wannan wasa, da aka buɗe a 2014, daga fim ɗin Ratatouille na 2007 aka ciro shi, labarin Remi, ɓeran da ya ƙware a girki. Gefensa akwai gidan abinci inda faranti ya fi mutum tsawo. Naman muka bari saboda shakkar yanka, muka ci haɗin gauta da tumatir da tattasai wanda fim ɗin ya ari sunansa.

Da muka dawo muka nuna wa 'yan aji uku fim ɗin, muka ce kowa ya rubuta labari da bakin wata dabba. Wani yaro da ke zama can baya, wanda muka daɗe da fid da rai da shi, ya kawo shafi huɗu a kan jakin mai ɗiban yashi.